Injin Da Ba Ya Niƙa Komai

Kalilu mai gyaran inji, Allah ya ji ƙansa, taubashina ne, ni ɗan mace shi ɗan namiji. Ya kuma ƙara da auren ƙanwata Kubura, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da iko ta fuska biyu. Ni tela ne, sunana Sada. Zauren da nake ɗinki yana kallon zauren gidansa a cikin garin Daura, ɗan lungu ne kawai tsakaninmu, in ya yi atishawa ina ji daga kan keke.

Gidansu maƙera ne tun kaka da kakanni. Shi ma da zuga ya tashi, ya iya ƙera fartanya da lauje tun bai yi gemu ba. Amma ranar da aka kafa injin niƙa na farko a unguwarmu, ya ajiye masaba ya bi ƙarar inji. Mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji ya zuba masa ido. Kafin shekarar da motoci suka koma hannun dama, da wuya ka sami injin niƙa daga Daura zuwa Dutsi, ko daga Mai'aduwa zuwa Baure, wanda hannun Kalilu bai shiga cikinsa ba. Yakan ɗaure buhun sifanoni a bayan keke ya fita da safe, ya dawo da yamma baƙi ƙirin da mai, aljihunsa cike da ƙusoshin da wasu suka zubar.

Mutum ne da magana ke yi wa tsada. In ka gaishe shi zai amsa, in ka kawo masa labari zai ce "To," in labarin ya girgiza shi ƙwarai sai ya ce "To fa." Sai dai yana da wata ɗabi'a da ni kaɗai na fara ganowa. Da zarar ya gama gyara, inji ya tashi ya cika rumfa da ƙara, sai bakin Kalilu ya buɗe. A cikin ƙarar nan yake gaya wa mai inji cewa shi rago ne da ba ya canza baƙin mai, yana faɗa da ƙarfi yana murmushi, mai injin kuma yana gyaɗa kai yana godiya. A ciki yake waƙa, a ciki yake amayar da duk abin da ya haɗiye a mako. Da yake na sha raka shi, sai na koyi karanta laɓɓansa. A haka na ji cewa wata riga da na ɗinka masa hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo, rigar da ya yi shekara da shekaru yana sakawa bai ce mini uffan ba.

Ɗansu na fari shi ne Jafaru. Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ne a wajenmu, kowa yana yi daidai gwargwado, amma Kalilu ya kai tasa inda ko Bafulatanin ruga sai ya sara masa. Ana yaye yaron, yayar Kalilu, Gwaggo Rahmatu, ta goya shi ta tafi da shi Baure, can ya girma. Tun daga nan sunansa a bakin ubansa ya zama "mutumin Baure." Sauran 'ya'yan yana ɗora su a wuya yana saya musu alewa, amma in Jafaru ya shigo zaure sai Kalilu ya ga wani abu a ƙasa da ke bukatar kallo. Kubura ma ba ta fi shi ba, ita "wannan yaron" take cewa, ta kuma kau da kai. Ba ƙiyayya ba ce, duk unguwa ta san haka. Ko yaron ya sani, wannan ne ban taɓa tabbatarwa ba.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jafaru ya gama firamare a Baure, ya tafi makarantar koyon sana'a a Kano ya karanta aikin inji, daga nan ya sami aiki a Kaduna. In ya zo Sallah, zai durƙusa daga bakin zaure ya gaida uban, uban ya amsa yana duban bango, shi ke nan an gama. Sai ya tsallako wajena, ya zauna kan buhun ƙyallaye mu yi ta hira har a kawo abinci. Duk abin da Kalilu ya sani game da ɗansa, ta lungun nan ya tsallaka ya same shi.

A Babbar Sallar shekarar da aka yi farin nan mai tsanani, Jafaru yana zaurena, Kalilu kuma yana bakin nasa yana facin tayar keke, ya ba mu baya. Hira ta kai mu makarantarsu ta Kano. Ya ce wani malaminsu Bature yana da ɗan inji da bai fi cikin tafin hannu ba, ba shi da filogi, matsa iska kawai yake yi har mai ya kama, kamar dai injin niƙa. Ya ɗauki allin da nake zana yadi ya zana mini shi a daɓen zaure: ga silinda, ga fistin, ga kusa a ka da ake murɗawa a ƙara matsi, ga inda yake shaƙar mai da iska. Ya ce malamin a cikin akwatin gilashi yake kulle shi.

"Kawu, na yi shekaru ina kallon injin nan, ko sau ɗaya ba a bar ni na taɓa shi ba," in ji shi, yana dariya. Daga nan muka shiga maganar tsadar raguna.

Washegari Kalilu ya shigo aron allura. Mutumin da ko maɓalli bai taɓa ɗinkawa ba. Na ba shi, ya tsaya riƙe da ita yana kallon daɓe, ya daɗe har na ce ko kuɗinsa ne suka faɗi. Ya ce a'a, ya fita. Ni kuma na hana a share wajen har allin ya goge da kansa.

Bayan Sallah ya zo ya ce in ba shi ƙafar tsohon kekena na ɗinki da ke jingine a lungu. Na tambaye shi me zai yi da ita, ya ce aiki. Da ita ya haɗa abin da zai riƙa juya masa ƙarfe yana kankarewa: yana taka feda kamar tela, bel yana juya sanda, shi kuma yana riƙe da ɗan ƙarfe mai kaifi da ya ƙera ya kuma yi masa ruwa da kansa don ya yi tauri. Na ce masa ashe duk raina sana'ata da yake yi, ƙarshenta a kan keke zai tsufa. Ya ce "To."

Ya kafa abin a wata rumfa a gefen zaurensa, inda ya ajiye tsohuwar uwar maƙerar ubansa. Silinda daga guntun sandar tayar wata tsohuwar babbar mota ya fitar da ita. Ramin cikinta da fistin ɗin kuwa, sai da ya yi watanni yana goga su da tankaɗaɗɗiyar toka da mai, ya goga ya gwada, ya goga ya gwada. Ba shi da ma'auni irin na kamfani. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma abin da ido ya kasa babban yatsa ke yi: ya toshe bakin silinda, ya tura fistin, in ta dawo da kanta da 'yar ƙara "fat," to an kusa. Ya yi faifan ƙarfe mai nauyi da za a naɗa wa igiya a ja. Ya yi tankin mai da tagulla, ɗan mitsitsi, bai fi kan babban yatsa ba. Na ce ko ɗan tsako ba zai ƙoshi da ruwan tankin nan ba.

Ana cikin haka kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na gwamnati, suka fito. Ma'aikata suka cika gari da sababbin babura da rediyoyi, 'yan kasuwa suka bi bayansu. Wanda injinsa ya yi tari sai ya tafi Kano ya sayo sabo, ya jefar da tsohon a bayan gida. Kiran Kalilu ya ragu, amma ƙarafan da zai tsinta suka yawaita, shi kuwa haka ya fi masa. Tsararrakinsa suna neman kwangilar gina azuzuwa, shi yana cikin rumfa yana taka feda. Masu wucewa sukan leƙa su tambaya wa za a niƙa wa da wannan, tururuwa? Ni ne ma na fara faɗin haka, suka ɗauka. Wasu suka ce kayan wasan yara yake yi, wasu suka ce tsufa ne ya zo masa da wuri.

Bai taɓa cewa don wa yake yi ba, ni ma ban tambaya ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Kubura, wadda ba ta yarda a taɓa mata tankaɗe, ita take tankaɗe masa toka sau biyu ta ajiye a bakin rumfa ba tare da an sa ta ba.

Da aka gama haɗa injin, gaskiya ya yi kyau. Ya kafa shi a kan guntun katako, tagullar tana sheƙi, ko'ina santsi. Ya kira ni, ya ɗura masa man gas irin wanda injin niƙa ke sha, ya naɗa igiya ya ja. Faifai ya juya ya tsaya. Ya sake ja, ya murɗa kusar kai, ya sake ja. Har aka kira azahar inji bai ce komai ba, ya gaji halin mai shi. Ya gwada gasa kan silindar da garwashi, sai ta yi tari ɗaya ta fitar da baƙin hayaƙi, shi ke nan.

Kalilu ya yanke hukunci cewa hannunsa ne ya gaza, fistin tana zubar da iska. Ya cire ta ya jefa cikin wata ƙwarya, ya fara sabuwa. Ita ma da aka gama ba ta tashi ba, ta bi 'yar'uwarta. Haka aka yi ta yi, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ƙwarya tana cika. Abin da ke ba ni haushi shi ne, wanda ya ga irin injin nan yana aiki da idonsa yana zuwa duk Sallah, yana zaune a zaurena yana shan fura. Da an ce Jafaru ya sauka a tasha, sai Kalilu ya kife injin da kwando ya ɗora buhu a kai. Wata rana na gaji na ce wa Kalilu bari in tambayi yaron a fakaice, ba sai na ambaci kowa ba. Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya cika yi ba.

"Sada, in ka buɗe baki, ni da kai sai a lahira."

Wasan taubashi yana da iyaka, na kuwa san na zo bakinta. So yake ya miƙa abu yana aiki, ba ya miƙa gawa a tayar masa ba. Na bar maganar a nan.

Sai ga labari cewa gwamnati ta zaɓi Jafaru cikin samarin da za ta tura ƙasar waje ƙaro ilmin inji, tafiyar shekaru. A lokacin ni da Kalilu mun kai shekarun da ba a ce wa mai doguwar tafiya "sai ka dawo" da gaba gaɗi. Shi ma ya fara wani tari da ba ya jin magani. Ya yi fistin ta ƙarshe cikin gaggawa, ta ƙi kamar sauran. Jafaru ya iso yin sallama, kwanaki kaɗan zai yi ya wuce.

Da hantsi Kalilu ya aiko in zo. Na tarar da shi zaune a zaure, injin yana kan benci a fili, babu kwando babu buhu. Ya ce in zauna, na zauna. Can Jafaru ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar kullum, ya fara gaisuwa, sai idonsa ya sauka kan benci. Gaisuwar ta tsaya a tsakiya. Kalilu yana duban bango ya ce:

"Sada, ko mutanen Kaduna sun san abin da ke hana ƙaramin inji tashi?"

Na juya na maimaita wa Jafaru, wanda ya fi ni kusa da mai tambayar. Shi kuma ya ce in roƙar masa izini wajen Baba ya taɓa. Na juya na roƙa. Kalilu ya ce ai ba a kulle yake ba. Jafaru ya rarrafo, ya goge hannunsa a jikin riga kafin ya ɗora. Ya juya faifan a hankali har ya yi tauri, ya saki, faifan ya dawo da baya da kansa. Ya yi haka sau da yawa, kansa a sunkuye. Sannan ya buɗe tankin ya shinshina.

"Kawu, ka gaya wa Baba babu abin da ya sami fistin. Man ne."

Ya yi mini bayani, ni kuma ina zaune kamar turmi ana magana ta kaina. Wai inji in ya yi ƙanƙanta haka, zafin matsinsa ba ya isa ya kunna man gas, ƙarfen ke shanye zafin. Malaminsu haɗi yake yi masa: kananzir, da man zurma, da wani ruwa mai warin asibiti wanda ke kamawa da ɗan zafi kaɗan. Ranar da ya zana mini injin bai ga dalilin faɗin wannan ba, tunda tela yake ba labari. Na waiwaya na dubi ƙwaryar nan a kusurwa, cike da fistin masu sheƙi, wataƙila kowacce lafiyarta ƙalau. Haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi. Kalilu ya ce "To fa."

Jafaru ya ce direbobin manyan motocin Nijar suna yawo da ruwan nan a gwangwani, suna fesa wa inji in ya ƙi tashi da sanyin safiya. Ya ari babur ya nufi Kongolam, can bakin iyaka, bai dawo ba sai bayan azahar, da gwangwani a aljihu. Kananzir daga fitilata aka tsiyaya. Man zurma kuwa, muna cikin tunanin inda za a samu sai muka ga hannu ya fito ta ƙasan labulen cikin gida ya ajiye kwalba. Kubura ce, man da take shafa wa gwiwa ne.

Da aka sauko daga la'asar aka haɗa man a cikin murfin kwano, aka ɗura. Jafaru ya miƙo mini igiya in ba Baba ya ja, Baba ya ce in mayar, masu ilmi su ja. Jafaru ya ja sau ɗaya, shiru. Ya murɗa kusar kai kaɗan ya sake, sai tari. Ya ƙara murɗawa ya ja da ƙarfi.

Ban taɓa zaton abu ɗan wannan zai yi irin ƙarar ba. Wata siririyar ƙara ce mai huda kunne, kamar an kama zirnaƙo an sa shi cikin gwangwani. Benci ya kama rawa, shuɗin hayaƙi ya cika zaure, kajin da ke lungu suka watse. Maƙwabta suka taru a bakin ƙofa, har da masu maganar tururuwa. Jafaru ya danne katakon da hannu biyu yana dariya kamar yaro. Ni kuwa ba injin nake kallo ba. Na san abin da ƙarar inji ke yi wa taubashina, don haka na zuba wa bakinsa ido.

Ya kuwa buɗe. Wannan karon ba bango yake duba ba, ƙeyar ɗansa yake kallo. Na karanta laɓɓansa yana cewa ya ji maganar ranar Sallar nan, ya ji duka, wannan babu mai kulle shi a gilashi. Yana ɗaga murya yadda ya saba a rumfar niƙa, inda inji ke wuni bai tsaya ba. Ya manta da girman tankin da ya ƙera da hannunsa. Inji ya yi tari biyu ya ɗauke ɗif, maganar Kalilu kuma ta riga ta taho, ta fito a fili da duk ƙarfinta:

"Naka ne, Jafaru. Allah ya yi maka albarka."

Waɗanda ke bakin ƙofa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi. Daga bayan labule muka ji takun Kubura ta ruga cikin gida. Jafaru bai ɗago ba, hannunsa yana kan katakon, na ga ruwa yana ɗiga a bayan hannun. Ya ce, "Amin, Baba," bai kuma biyo ta kaina ba.

Kalilu ya ɗauki tsumma ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ko da yake bai taɓa mai ba. Ya koma duban bangonsa.

"Sada, tankin nan ya yi kaɗan. Gobe zan ƙera babba."

Jafaru ya share fuska da hannun riga. "Kawu, ka gaya wa Baba a bar shi yadda yake."

Ban isar da wannan saƙon ba, na ga babu bukata. Ranar tafiya Kalilu ya naɗe injin a cikin sabon yadi da ya saya a wajena, ya ba ni in ba mutumin Baure, don sunan bai sake fitowa daga bakinsa ba. Tarin nan ya tafi da shi a daminar shekarar da aka koma mulkin farar hula, Jafaru yana can bai dawo ba. Da na je Kaduna bayan shekaru, na tarar da injin a kan tebur a falonsa, 'ya'yansa suna juya faifan yadda suka ga dama. Tankin yana nan ɗan mitsitsi, ba a canza shi ba.